Ranka Ya Daɗe, Tsoro, Sarkin Jinya

Gaishe ka, Tsoro, sarkin jinya. Gaishe ka, likitan da bai taɓa shiga aji ba amma ya fi masu farar riga faɗa-a-ji. Gaishe ka, mai kwantar da wanda Allah ya tayar. Na daɗe ina ganin ana karrama waɗanda ba su kama ƙafarka ba, a ba wannan lambar yabo, a naɗa wa wancan rawani, kai kuwa kana ta hidima dare da rana a ɗakunan marasa lafiya babu mai ce maka sannu. Yau daga nan Tirwun, a bakin birnin Bauchi, na ɗauki alƙalami in biya ka haƙƙinka, musamman a kan aikin da kake yi wa bayin Allah da aka yi wa tiyatar zuciya.

Dubi irin wahalar da ake sha kafin a miƙo maka mutum ɗaya. A sayar da gona, a jinginar da fili, matan gida su kwance 'yan kunnensu na gwal, a kafa gidauniya a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a. A ɗauki mara lafiya zuwa Abuja ko Legas ko Inugu, wani a haye da shi Indiya ko Masar, wasu kuma a can baya sun dace da Cibiyar Salam ta Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana yin aikin kyauta. Likitoci su tsaya a kan ƙafafunsu awa huɗu, awa biyar. Su tsaga ƙashin ƙirji, su haɗa mutum da na'urar da za ta riƙe aikin zuciya da huhu, su canza bawul ɗin da ya lalace, ko su ɗebo jijiya daga ƙafa su yi wa jini sabuwar hanya, sannan su haɗe ƙashin su ɗaure shi da wayar ƙarfe marar tsatsa. Tun 1974 aka fara irin wannan aiki a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, da taimakon likitan nan ɗan asalin Masar, Magdi Yacoub. Fiye da shekara hamsin ke nan ana tara ilimi da kayan aiki da addu'ar iyaye don dai mutum ya tashi ya taka ƙasa. Kai kuwa, ranka ya daɗe, ba ka kashe ko sisi, ba ka riƙe ko almakashi, cikin mako guda ka mayar da shi kwance. Wa ya kai ka iya aiki?

Na kuma yaba da haƙurinka. A asibiti ba ka da ta cewa, don can marasa tausayi sun yi yawa. Washegarin aiki, ko jibinsa, sai ka ga nas ta zo ta zaunar da mutum a bakin gado, robobi na rataye a jikinsa. Ta miƙa masa filo ta ce ya rungume a ƙirji ya yi tari. Ta sa shi ya ja dogon numfashi sau goma. Kafin a sallame shi sai sun sa ya yi ta kai da kawo a baranda, wani ma har a hau da shi matattakala. Duk kana gani, ba ka tanka ba. Ka tsaya a bakin ƙofa kana jiran ranar sallama, ka shiga mota tare da shi, ka zauna tsakaninsa da babban ɗansa, kuka iso gida tare.

A gida kuwa sarauta taka ce. Na ga yadda ka shirya fadarka a ɗakin wani dattijo, ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana sammako zuwa kasuwar Muda Lawal. An sauke katifa ƙasa, an rufe taga kada iska ta shiga ɗinki, an jera masa fo da buta da filas a inda hannunsa zai kai, don kada wata buƙata ta sa ya miƙe. Ranar da ya dafa bango ya nufi ƙofa, sai ɗansa ya yi wuf ya tare shi.

"Baba, ina za ka?"

"Zaure zan leƙa, in ɗan sha iska."

"Haba Baba! Don girman Allah ka rufa mana asiri. Ka san abin da aka kashe a aikin nan?"

Uwargida ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu. "Alhaji, ɗinkin nan fa ɗanye ne. Ka koma ka kwanta."

Ya koma ya kwanta. A lokacin ɗinkin ya yi wata huɗu yana ɗanye, kuma da yardarka zai cika shekara bai nuna ba. Ka lura da gwanintar da ke ciki: babu maƙiyi ko ɗaya a ɗakin nan. Ɗan nan shi ya sayar da babur ɗinsa aka cika kuɗin jirgi. Matar nan ita ta kwana arba'in ba ta runtsa ba. Sauran azzalumai da bulala suke aiki, kai kaɗai ne ka iya ɗaure mutum da ƙaunar iyalinsa, ya kasa ko yin ƙorafi don kada a ce ya yi butulci.

Dokokinka ma abin koyi ne, ga su a tsare. Kada ya ɗaga hannu sama. Kada ya yi dariya da ƙarfi. Kada ya yi tari, in ya zo ya haɗiye shi. Kada jika ya hau cinyarsa. Kada a gaya masa an yi rasuwa, kada a gaya masa farashin taki, kada a nemi shawararsa a kan auren 'yarsa, tun da zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Mutumin da a da ba a yanke komai a gidan sai da shi, yanzu ana yin shiru in an zo kusa da ƙofarsa. Madalla da wannan hutu.

Dogarawanka, wato 'yan dubiya, su ma sun cancanci tukuici. Ba sa zuwa hannu rabbana. Ga masa tana naso da mai, ga farfesun kayan ciki da ya ji gishiri da dunƙule, ga katan na lemon kwalba, duk don mai jinya ya mayar da jini. Bayan an ajiye kwanuka sai a buɗe jakar labari. Baffa ya san wani a Jos da aka yi wa irin wannan aiki, ya sunkuya zai ɗauki takalmi, shi ke nan. Goggo ta ji labarin wata a Kano da ta yi atishawa waya ta tsinke. Ba a taɓa faɗin sunan mamacin, ba a taɓa faɗin unguwarsu, amma labarin na nan daram, yana yawo daga ɗakin jinya zuwa ɗakin jinya. Dubban da aka yi wa aikin suka koma gona da shago da aji, su ba su da mai ba da labarinsu, don ka hana a san da su. In an tashi tafiya a ce, "Allah ya ƙara sauƙi, ka dai yi ta kwanciya." Mai jinya ya ce amin, ya kwana yana ƙirga bugun zuciyarsa.

Abin da ya fi burge ni da kai shi ne ba ka ƙirƙirar ƙarya tsagwaronta. Gaskiya kake samu ka ja ta har ta tsinke. Likita ya ce ƙashin ƙirji na buƙatar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, wani ya kai goma sha biyu, kuma a cikin wannan lokaci kada a ɗauki abin da ya wuce kilo biyar. Maganarsa daidai ce. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, a bar ta. Jan guga daga rijiya, tura babur, ɗaga buhu, saran itace, daka, tuƙin mota a makonnin farko, duk a dakata. Amma butar alwala ba ta wuce kilo biyu ba. Sai ka mayar da mako takwas ya zama har abada, kilo biyar ya zama cokali. Ɗaya rabin maganar likita kuwa, inda ya ce a riƙa takawa kullum ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, wannan ka yar da shi a hanya tun kafin a shigo Bauchi. Takardar da aka rubuta shi a ciki da Turanci tana nan cikin leda a ƙarƙashin katifa, mai jinya na kwance a kanta.

To bari in lissafa nasarorinka a jikin ɗan Adam, don masu hassada su sani. Wanda ya daɗe a kwance, ƙasan huhunsa ba ya buɗewa sosai, majina ta taru, ciwon huhu ya samu masauki. Jini ya yi sanyin gudu a jijiyoyin ƙafa har ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa cikin mintuna. Naman cinya ya zube. Ciki ya cushe, mutum ya shiga bayi yana yunƙurin da ya fi tafiyar da aka hana shi wahalar da ƙirji. Suga ya hau, hawan jini ya ƙi sauka, teɓa ta fito. Barci ya ƙaurace, baƙin ciki ya tare. A 1966 masu bincike a birnin Dallas na Amurka sun kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, na mako uku kacal. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, sai aka ga abin da tsufan shekara 30 ya rage musu bai kai abin da kwanciyar mako uku ta rage ba. Ka ji aiki. Abin da zamani ya kasa yi a shekara talatin, kai ka gama shi kafin wata ya mutu. In haka ka yi da samari masu jini a jika, ina ga dattijon da ka riƙe wata huɗu?

Ga kuma babbar dabararka, wadda ya kamata a koyar a makarantu. Ka kwantar da mutum har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ya yi ta maza ya taka zuwa ƙofar gida, sai haki ya kama shi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, gwiwa ta yi sanyi. Sai ka raɗa masa a kunne, "Ka gani ko? Ban gaya maka ba?" Iyali su ɗauke shi cak su mayar kan katifa, a ƙara masa wata biyu. Raunin da kai ka haddasa shi ne shaidar da kake kafawa cewa kana da gaskiya. Kai ne mai ƙara, kai ne shaida, kai ne alƙali, kuma kullum hukuncin ɗaya ne. Ana maganin ƙaba kai na kumbura, gida kuwa na ta godiya. Ka sa sun manta cewa zuciya tsoka ce, tana bugawa wajen sau dubu ɗari a yini ko mutum na tsaye ko yana kwance, kuma tsokar da ba a ba ta aiki raguwa take yi. An kai babur wurin bakanike an sa masa sabon inji, an dawo da shi an lulluɓe da tamfol a zaure don kada injin ya lalace, ana mamakin yadda batir ya mutu, taya ta sace.

Na san kana kewar zamanin da. A farkon rabin ƙarni na 20 likitocin Turai da Amurka kansu fadawanka ne. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe sai a kwantar da shi mako shida, a ba shi abinci a baki, a hana shi ko juyawa da kansa. Sai ga wasu marasa kunya biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka fara sauko da majinyata daga gado suna zaunar da su a kujera, suka kuma buga sakamakon a 1952, aka ga mutanen sun fi samun sauƙi. A 1953 Jeremy Morris ya duba ma'aikatan bas-bas masu bene na Landan, ya gano kwandastocin da ke yini suna hawa da sauka ba su kai direbobin da ke yini a zaune kamuwa da ciwon zuciya ba. A 1955 shugaban Amurka Eisenhower ya kwanta da ciwon zuciya, likitansa Paul Dudley White ya ƙarfafa masa gwiwa ya koma harkokinsa, ya tashi har ya sake cin zaɓe a 1956. A 1973 wani likita a Toronto, Terence Kavanagh, ya horar da majinyatansa har suka shiga tseren dogon zango na Boston. Cin amanar bai tsaya nan ba. A 2016 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 63 da suka ƙunshi mutum fiye da 14,000, suka ga waɗanda aka sa a tsarin motsa jiki bayan ciwon jijiyar zuciya ko aikinta, mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, komawa gadon asibiti ma ta ragu. Amma kada ka karaya, ranka ya daɗe. Ko a Suwidin, wani bincike na 2013 ya nuna kana riƙe da mutum ɗaya cikin biyar na masu ciwon jijiyar zuciya. In can kana da ɗaya cikin biyar, nan da ba ka da abokin hamayya sai dai mu ce Allah ya ƙara daraja.

Akwai yaro ɗaya da na san har gobe ba ka yafe masa ba: Nwankwo Kanu. A 1996, yana gab da cika shekara 20, ya jefa wa Brazil ƙwallo biyu a gasar Olamfik ta Atlanta, Najeriya ta ɗauko zinare. Yana komawa Inter Milan likitoci suka gano bawul ɗin zuciyarsa na da matsala. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe ƙirjinsa a Cleveland. Ka riga ka shimfiɗa masa katifa, duniya ta gama yi masa jaje. Sai yaron nan ya bi maganar likitocinsa, ya fara da takawa, ya koma sassarfa, ya koma fili. A 1999 ya tafi Arsenal, a watan Oktoba ya zura wa Chelsea uku cikin minti goma sha biyar na ƙarshe bayan ana cin su biyu da nema, a shekarar ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A 2008 ƙwallonsa ce ta ba Portsmouth kofin FA. Bai tsaya nan ba, tun a 2000 ya kafa gidauniyar da ke kai yara masu ciwon zuciya a yi musu aiki. Samarin Tirwun da ke cika gidan kallo sun haddace tarihin nan tsaf. Ikonka ne kawai ya sa yaro zai gama ba da labarin Kanu a majalisa, ya shiga gida ya hana mahaifinsa zuwa zaure. Alhali babu wanda ya ce dattijo ya ɗaura takalmin ƙwallo. Abin da ake nema masa bai wuce ya kai masallacin unguwa da ƙafarsa ba.

Mata da yara ma ba ka bar su a baya ba, don kai adali ne. Da yawan masu lalacewar bawul a ƙasar nan matasa ne, waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba ya koma ya taɓa musu zuciya. Yarinya ta sha wuya, an yi mata aiki, a karon farko cikin shekaru tana iya numfashi ba tare da an jingina ta da filo uku ba. Sai ka ce a cire ta daga makaranta, hanya ta yi nisa. Kada ta yi shara, kada ta je biki, kada ta yi wasa da ƙannenta. Ka laƙaba mata suna "mai ciwon zuciya" bayan an gyara zuciyar. In bawul ɗin ƙarfe aka sa mata, ɗan ƙaran da yake yi da dare, wanda alama ce yana aikinsa, ka mayar mata da shi agogon ajali. A wani gidan kuma sai ka ba ƙaninka Ganganci aron fili: matar aure ta dawo, mako na uku a miƙa mata taɓarya da guga, tun da ai an yi aiki an gama. Ku biyun uwarku ɗaya, rashin sani, shi ya sa ba kwa faɗa. Tsakanin miji da mata kuwa ka haɗa kai da kunya. Kowa na tsoron kusantar ɗan'uwansa, babu mai iya buɗe baki ya tambayi likita, alhali amsar a wurinsa take kuma ga mafi yawan mutane mai daɗi ce da zarar ƙashi ya haɗe. Aure ya yi sanyi, a ɗora wa ciwo laifi.

Har rigar malanta ka iya sawa. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya yi salla a zaune ko a kishingiɗe gwargwadon ikonsa, rahama ce ta lokacin lalura. Kai ka mayar da rangwamen ya zama mazauni. Mutum na jin kiran salla daga ɗakinsa, tsakaninsa da sahu bai fi tafiyar minti biyar ba, ya shekara bai ga liman ba. Ka kira wannan taka-tsantsan, wani lokaci ma ka kira shi tawakkali. Sai ka ce ajali ba ya gane hanyar katifa. Sai ka ce wanda ya ba likita ilimin gyara zuciyar yana son a mayar da ni'imarsa ajiya.

Hidimarka mafi tsada ita ce yadda ka cakuɗa alamomi. Tun da ka ce komai haɗari ne, babu wanda ya san haɗari na gaskiya in ya zo. Ɗan tsukin da ake ji a tabo, ciwon kafaɗa da baya, gajiyar makonnin farko, ɗan ƙaruwar numfashi in ana tafiya, waɗannan abokan warkewa ne, amma ka sa ana salati a kansu. Ciwon ƙirji mai danna mutum, haki yana zaune ko yana kwance, jiri ko suma, bugun zuciya da ya rikice ya ƙi daidaita, zazzaɓi, ɗinki ya yi ja ko yana fitar da ruwa, ƙashin ƙirji na motsi ko ƙara, ƙafa ta kumbura, jini ya ƙi tsayawa ga mai shan maganin tsinka jini, waɗannan su ne ke cewa a tafi asibiti yanzu. Su kuma sai ka ce a ƙara kwanciya, hanyar asibiti akwai gargada, kada Keke Napep ya girgiza ɗinki. Har ranar komawa ganin likita da ranar gwajin jini ka sa an tsallake saboda tausayi.

Ba zan rufe yabo ban gaishe da abokanka na sama ba. Gaisuwa ga mai hali da ya biya kuɗin aiki, aka ɗauki hoto a filin jirgi, daga nan bai sake tambaya ba. Gaisuwa ga tsarin da ke sallamar mutum daga wata ƙasa da takarda cikin harshen da ba ya ji, babu lambar wanda zai kira. Gaisuwa ga masu kasafin da suka san kuɗin na'ura amma ba su san ana buƙatar wurin da za a koya wa mai sabon ɗinki takawa a gaban ma'aikaci ba, har irin waɗannan cibiyoyi suka zama 'yan ƙalilan a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Duk inda suka bar gurbi, kai kake cikewa, kuma ba ka taɓa yajin aiki ba.

Iyakar yabon da zan iya ke nan, Tsoro, don maƙogwarona ya cika. Sauran maganar da mutanena zan yi ta, kuma a miƙe.

'Yan'uwa, tsoron nan ba abin kunya ba ne. Wanda aka tsaga ƙirjinsa ya ga abin da ba mu gani ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Iyalin da suka kusa rasa uba dole su riƙe shi da hannu biyu. Amma riƙon da ke hana shi tashi yana cinye abin da kuka sayar da gona don ku saya. Kada a yi masa faɗa, kada a ce masa rago. A kama hannunsa a taka tare.

Kafin a baro asibiti, ko a zuwa na gaba, a tambayi likita abu uku, a sa ya amsa da Hausa ko a samu mai fassara, a rubuta a manna a bango: me zai yi daga yau, me zai bari kuma har zuwa yaushe, wace alama ce za ta sa a dawo da gaggawa. Kowane majinyaci da irin aikinsa da irin ƙarfin zuciyarsa, don haka maganar likitansa ce gaba da ta kowa, har da tawa. A nemi a haɗa ku da ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, su suka san matakan. In likita ya ba da izini, a fara da minti biyar a tsakar gida, sau biyu ko uku a yini, da sanyin safiya ko bayan la'asar, a kan ƙasa mai laushin tafiya. Gobe a ƙara kaɗan. Ma'aunin mai sauƙi ne: in yana tafiya yana iya hira da kai, lafiya lau, in magana ta gagara saboda haki, a tsaya a huta. Daga tsakar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa dakali, daga dakali zuwa masallaci, har a kai rabin awa a mafi yawan ranakun mako. Sannu ba ta hana zuwa. A rage gishiri da mai a kwanon dubiya, a sha magani a kan lokaci, a raba shi da taba. A mayar masa da shawarar gidansa. A mayar da yarinya makaranta. Mai zuwa dubiya da labarin wanda ya sunkuya ya mutu, a tare shi tun a zaure a roƙe shi ya bar labarin a waje.

Masu hannu da shuni da hukumomin lafiya na jiha, in kun biya kuɗin aiki kun yi rabi, Allah ya saka. Ɗaya rabin ya fi araha nesa ba kusa ba: ɗaki ɗaya, ma'aikaci ɗaya da ya san aikin, na'urar awon jini, da takardar bayani da Hausa da boko da ajami. Limamai da masu shirin lafiya a rediyo, ku faɗa wa jama'a cewa tafiya na cikin maganin da likita ya rubuta. Kai kuma ɗan da ya sayar da babur don mahaifinsa ya rayu, aikinka bai ƙare ba. Je ka ji ta bakin likitansa a wannan makon, in ya ce bismilla, ka ɗauko wa Baba takalmansa da kanka, ka buɗe masa ƙofa, ka raka shi.